Ganuwar Kano a Birnin Landan

Yawancin 'yan'uwa ta hanyar ƙwallon ƙafa suka san sunan Wembley, wato shahararren filin wasan nan na birnin Landan. Amma kaɗan ne suka san cewa tsohon filin, wanda aka rushe a 2003 aka gina sabo a gurbinsa, asalinsa wani ɓangare ne na gagarumin bikin baje koli da Turawan Ingila suka shirya domin su nuna wa duniya arzikin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinsu. Sarki Joji na Biyar ne ya buɗe bikin ranar 23 ga watan Afrilu na 1924, aka sake buɗe shi a 1925, kuma mutanen da suka shiga kallo a shekarun biyu sun kai kimanin miliyan 27. Abin da ya sa muka kawo wannan zance a mujallar marubuta shi ne, a cikin wannan fage, 'yar tafiya kaɗan daga inda ake buga ƙwallon, an taɓa gina ganuwa. Ganuwa ja, mai manyan ƙofofi, irin wadda Bakano ko Bazazzagi zai hango daga nesa ya ce ai wannan tamu ce.

Ganuwar ta kewaye fili kamar eka uku. An kwaikwayo ta ne daga ganuwoyin biranen Arewa irin su Kano da Zariya, aka yi mata launin jar ƙasa, sa'an nan aka kafa zaurukan nuna kaya na Nijeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo a cikinta. Na Nijeriya an yi shi da siffar gidan sarki. Wanda ya shiga zai tarar da gyaɗa da auduga da manja da kuza da ƙiraga an jera su, ga kuma masu sana'a da aka ɗebo daga gida, masaƙa da dukawa da maƙera da masassaƙa, suna aikinsu jama'a na tsaye a kansu suna kallo.

Mai karatu ya lura da lissafin shekarun. A watan Fabrairu na 1903 ne rundunar Kanar Morland ta girke igwa a bakin ganuwar Kano, ta fasa ƙofa ta shiga birni, a lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Lugga da kansa, da ya iso ya ga kauri da tsayin badala, ya rubuta wa magabatansa cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Shekara 21 kacal ke nan tsakanin harbin ganuwar gaske da gina ta kwaikwayo. Hafsan da ya ba da umarnin harbi yana iya biyan sule da sisi a bakin ƙofar Wembley, ya riƙo hannun ɗansa a kan nai, su shiga su sha kallon abin da ya ci da yaƙi. To, idan aka ɗauki gini daga inda aka haife shi aka sake shi a wata ƙasa domin 'yan kallo, me ake ɗauka, me ake bari? Kuma idan zamani ya yi nisa, wanne ne jikoki za su riƙe a zukatansu, na asalin ko na kwaikwayon? Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye, domin mu ma sana'armu ita ce sake gina birane a kan takarda.

Ba a Wembley aka fara wannan al'ada ba. Baje kolin duniya na farko an yi shi a Landan a 1851, a cikin wani katafaren gini na gilashi da ƙarfe da Joseph Paxton ya tsara, kuma mutum kimanin miliyan shida suka shiga. (A wannan shekara ce ma Bature matafiyin nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano ya ga kasuwar Kurmi da marinan birni.) Wancan bikin na kayan masana'antu ne. Sai da aka kwashe ginin gilashin aka sake kafa shi a kudancin Landan a 1854 sa'an nan aka fara cika shi da gine-ginen tarihi na kwaikwayo, ga ɓangaren Masar ta Fir'auna, ga na gidajen Rumawa, ga na fadar Alhambra ta Musulmin Andalus. Daga nan abin ya zama yayi. A baje kolin Faris na 1867 sarakunan Musulmi da kansu suka sa kuɗinsu aka gina musu. Isma'il Basha na Masar ya sa an gina haikalin Fir'auna da fada da masaukin fatake. Daular Turkiyya ta gina masallaci da gidan wanka, Sultan Abdul'aziz kuma ya zo da ƙafarsa ya gani. Sarkin Tunis ya sa an kwaikwayi wani sashe na fadarsa ta Bardo, kuma wannan kwaikwayo ya daɗe tsaye a wani lambu na Faris har sai da gobara ta cinye shi a 1991. Mun kawo wannan ne don kada a ɗauka cewa kullum ƙarfi ake nuna wa mai gini a kwaikwayi gininsa. Wani lokaci shi ne yake kai kansa, yana so a san da shi.

Wanda ya fi kowanne yin suna shi ne Titin Alƙahira, a baje kolin Faris na 1889, shekarar da aka kafa hasumiyar Eiffel. Wani attajirin Bafaranshe da ya zauna a Masar, Delort de Gléon, shi ya tsara shi. A wancan zamani ana ta rushe tsofaffin gidajen Alƙahira domin a fitar da sababbin tituna masu faɗi irin na Turai, shi kuwa yana bi yana tattara ƙofofi da tagogin katakon nan masu saƙa da Larabawa ke kira mashrabiyya. Waɗannan ya ɗauko ya manna a jikin gidajen da ya gina a Faris. Ya yi lungun ƙunci da karkata, ya kafa hasumiya irin ta masallacin Sultan Ƙaitbai, ya sa aka ɓata fentin bango da gangan don ya yi kama da tsoho, sa'an nan ya sa aka kawo jakuna kimanin hamsin daga Masar tare da masu kora su, ana hawa ana biya.

A wannan shekara wasu malaman Masar guda huɗu, ƙarƙashin jagorancin Abdullahi Fikri Basha, suka biyo ta Faris a kan hanyarsu ta zuwa taron masana a birnin Stockholm, suka shiga titin. Ɗansa Muhammad Amin Fikri, wanda ya rubuta labarin tafiyar, ya bayyana abin da ya fi ɓata musu rai. Daga waje masallaci ne sosai, da ƙofarsa da hasumiyarsa. Da suka sa kai ciki sai suka tarar gidan shan gahawa ne, mata na rawa. Babu wanda ya yi musu ƙarya a kan siffar bango, domin bangon ya yi daidai har abin mamaki, katakon ma na gaske ne, daga gidajen kakanninsu aka ciro shi. Abin da ke bayan bangon ne aka musanya. Bahaushe ya riga ya gama magana a nan: kama da wane ba wane ba ce.

Duk da haka titin ya yi kasuwa, har aka sake gina irinsa a baje kolin Shikago na Amurka a 1893. Wanda ya zana na Shikago kuwa, Max Herz, shi ne babban mai tsara gini na kwamitin da ke kula da gyaran tsofaffin masallatan Alƙahira na gaske. Hannu ɗaya ke nan yake gyaran asali yana ƙera kwaikwayo, kuma miliyoyin mutanen Turai da Amurka da ba su taɓa taka Masar ba, Alƙahirar da suka sani har suka mutu ita ce wannan ta jakuna da rawa.

Mu koma ga ganuwarmu ta Wembley. Me aka bari a gida da aka ɗauke ta? Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Amma wanda ya ce waɗannan sarakuna uku ne suka gina badala bai gama faɗar gaskiya ba, domin ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace damina sai ta ci rabonta, kowane rani kuma sai an fito gayya an kwaɓa ƙasa an yi tubali an cike inda ya zube an yi yaɓe. Yawancin kududdufan da muka taso muka gani a cikin birni ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne. Kowace ƙofa tana da sarkinta mai rufe ta da dare ya buɗe da asuba, ya san wanda ya shiga da wanda ya fita. A cikin ganuwar akwai gonaki masu faɗi, don ko an yi wa birni zobe a sami abin ci. Sa'an nan ga ilmin magina: yadda ake jera azarar giginya a ɗaura bakan gizo, yadda ake jiƙa makuba a yaɓe bango, yadda ake haɗa katsi daga marina da gashin jima daga majema da dafara a yi laso a shafe rufin soro don kada ruwa ya ratsa, a fitar da indararo ya zubar da shi nesa da gindin gini. Dubi yadda marini da majemi da magini suka haɗu a kan rufin ɗaki ɗaya. Duk wannan babu ko ɗaya da ya hau jirgi zuwa Landan. Abin da ya tafi shi ne launi da siffa. Ganuwar Wembley ba ta bukatar gayya, ba ta tsare kowa daga kowa, ƙofarta kuma mai yankan tikiti ne sarkinta.

Abin takaicin shi ne, a daidai lokacin da ake yi wa ta kwaikwayo fenti, ta gasken ta fara mutuwa. Tun da yaƙi ya ƙare, dalilin fitowa gyaranta duk shekara ya kau. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya koma wajen birni, gyaɗar nan da aka jera a zauren Nijeriya ita ta zama abin da ake tara mutane dominsa.

Mutanen da aka kai su zauna cikin ganuwar Wembley su ma sun zama kayan kallo, jaridun Landan kuma suka yi ta rubuta abin da suka ga dama a kansu, har da zancen aurensu da kwanciyarsu, cikin raini da shaƙiyanci. Ɗaliban Afirka da ke karatu a Ingila ba su yi shiru ba. Ƙungiyarsu ta kai ƙara Ofishin Kula da Ƙasashen Mulkin Mallaka, wani ɗalibin lauya ɗan Abekuta mai suna Ladipo Solanke kuma ya yi ta mayar da martani a jarida kan ƙazafin da ake yi wa 'yan Nijeriya na cin naman mutane. A watan Agusta na 1925 shi da Dokta Bankole-Bright na Saliyo suka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WASU, kuma kowa ya san rawar da wannan ƙungiya ta taka daga baya wajen renon masu fafutukar neman 'yanci. Masu shirya baje koli sun tara ƙasashe uku a cikin ganuwa ɗaya don sauƙin nuni, sai ga shi 'ya'yan ƙasashen sun tara kansu a waje don wata bukata dabam.

Akwai kuma wani baƙo da ya kamata marubutanmu su yi tunani a kansa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya fara zuwa Ingila a 1921, ya sake komawa a 1924 ya ziyarci Wembley. Mai karatu ya kwatanta abin a ransa: sarki mai ganuwa ta gaske a gida, wanda ya san Ƙofar Soro da hasumiyar Gobarau tun yana yaro, ga shi da rawaninsa da fadawansa yana ratsa ƙofar ganuwar da Turawa suka ƙera, 'yan kallo kuma sun rasa wanda za su kalla, shi ko ginin. A ganinmu wannan yini ɗaya ya ishi mai basira littafi guda, ko wasan kwaikwayo. Muna ta ƙorafin cewa jigon soyayya ya cika kasuwa, alhali irin waɗannan suna zube a tarihi babu mai dubawa.

Faransawa sun fi Ingilishi nisa a wannan fanni. A baje kolin ƙasashen mulkin mallaka da suka yi a dajin Vincennes na gefen Faris, daga Mayu zuwa Nuwamba na 1931, ƙarƙashin Marshal Lyautey, an sayar da tikiti kimanin miliyan 33. Sun kwaikwayi tsakiyar haikalin Angkor Wat na ƙasar Kambodiya da girmansa, suka haska shi da lantarki da dare. Ƙasashensu na Afirka ta Yamma kuwa, har da Nijar, an haɗa su a wata jar fada mai hasumiya da ta kai mita 45, wadda aka ɗauko fasalinta daga gine-ginen ƙasa na Jenne da Tumbuktu, da itatuwan nan da ke leƙowa daga jikin bango. A Jenne waɗannan itatuwa matakala ce, a kansu magina ke tsayawa ranar yaɓen shekara, lokacin da gari duka, maza da mata da yara, ke fitowa da kwanduna a shafe masallaci cikin yini guda. A Faris ado ne kawai, babu mai hawa. Ya kamata mu ambata, tunda marubuta muke, cewa wasu marubutan Faransa, cikinsu har da André Breton da Louis Aragon da Paul Éluard, sun sa hannu a wata takarda suna kira ga jama'a da kada su je kallon. Jama'a ba su ji ba, sun je.

Sai dai labarin bai tsaya a Faris ba, kuma nan ne abin ya ɗaure kai. Wannan salo da aka goge aka daidaita a baje kolin Marsai na 1922 da na Faris, shi ne gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa ginawa da siminti a Afirka. Babbar kasuwar Bamako da tashar jirgin ƙasa ta Bobo-Julaso duk wannan kama gare su, kuma yau 'yan ƙasa suna nuna su da alfahari a matsayin ginin gargajiya. A garin Fréjus na kudancin Faransa ma, inda aka yi barikin sojan Afirka, an gina wani jan masallaci na siminti tsakanin 1928 da 1930 a kan fasalin na Jenne, bisa shawarar wani hafsa ɗan Afirka, Kyaftin Abdulƙadir Mademba, don ya ɗebe wa sojoji kewar gida. Yana nan tsaye har yanzu, tsakiyarsa a buɗe babu rufi. Shi kansa masallacin Jenne da ake kwaikwayo, wanda muke gani a hotuna, ba na ƙarni na 13 ba ne. Wancan ya zube tun zamanin Shehu Ahmadu na Masina, na yanzu a 1907 maginan garin suka gama shi ƙarƙashin shugabansu Isma'ila Tarawure, Faransawa na mulki, kuma masana sun daɗe suna gardama kan ko akwai hannun Bature a fasalinsa. Wato ke nan idan aka bi sawu, asali da kwaikwayo sukan sarƙe har a rasa bakin zaren.

Ba za mu yi adalci ba idan muka ce kwaikwayo kullum ɓarna ne. A 1896 mutanen ƙasar Hangari suka yi bikin cika shekara dubu da kafuwar ƙasarsu, suka gina wata fada a birnin Budapest da katako da kwali, wadda ta haɗa sassan shahararrun gine-ginensu, musamman fadar Vajdahunyad da ke yankin Transilbaniya. Jama'a suka ƙi yarda a rushe ta, sai aka sake gina ta da dutse da bulo tsakanin 1904 da 1908. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, yarjejeniyar 1920 ta yanke Transilbaniya ta ba ƙasar Romaniya. Fadar asali ta koma bayan iyaka, ta kwalin da aka mayar dutse ita ta rage musu a gida, nan suke kai 'ya'yansu su nuna musu abin da ya taɓa zama nasu. Haka a birnin Nashville na Amurka, haikalin Parthenon da aka kwaikwaya don bikin 1897 aka kuma sake shi da kankare, cikakke ne da rufinsa, alhali na asalin a birnin Atina kango ne tun da albarushi ya fashe a cikinsa a 1687.

Mu ma muna da irin wannan a gida, ko da yake ba a baje koli aka yi shi ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa Sarkin Zazzau Abdulkarimu a wajen shekarun 1830, masana sun yi ittifaƙi cewa yana cikin mafi ƙwarewar abin da hannun magini Bahaushe ya taɓa yi, saboda ginshiƙansa da bakan gizonsa da tulluwarsa da zanen da ke jikinsu. A shekarun 1970 aka yi masa gyaran zamani, aka rushe wasu sassa, aka lulluɓe sauran da ginin siminti. Allah ya sa kafin nan wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya fara yawon auna gine-ginen Nijeriya tun ƙarshen shekarun 1950, ya riga ya auna shi ciki da waje ya zana. Shi ne ya kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka sake gina masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano da sashen fadar Katsina, da girmansu na gaske. Bambancinsa da Wembley a fili yake. Dmochowski ya nemo magina ne suka yi da tubali da azara yadda iyayensu suka koya musu, saboda haka aikin hannu ya tafi tare da siffar. Amma wannan alherin shi ne kuma rauninsa, domin abin da aka gina da ƙasa a kan tudun Jos mai yawan ruwa yana bukatar yaɓe fiye da na Kano, gidan tarihi kuwa ba shi da unguwannin da zai kira gayya, sai jiran kasafin kuɗi. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku bai fito ba sai 1990. A watan Agusta na 2023 wani sashe na tsohon rufin masallacin Zariya ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya ji ƙansu. Ɗalibin da ke son sanin yadda Babban Gwani ya tsara masallacinsa tun farko, zanen wancan baƙo da kwaikwayon Jos su ne madogararsa.

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana. Mun daɗe a wannan rubutu muna hango na Turawa, bari mu duba wanda muke takawa. An sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya tun 2007, amma duk wanda ya zaga ya san yawancinta ta tafi. An ɗebi ƙasarta an yi gini, an yanka filaye a kanta, an kafa shaguna da gidajen mai, wani wurin kuma juji ne. Ƙofar Na'isa, mai shekaru ɗaruruwa, an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka gina wata da siminti a gurbinta. Ba ita kaɗai ba ce. Yawancin ƙofofin da muke ratsawa yau a mota faffaɗa ne na kankare, an yi musu fenti launin ƙasa, an ɗora musu zankwaye, an zana musu dagi a goshi, hagu da damansu kuwa babu ganuwar da suke buɗewa. Ba mu ce kada a faɗaɗa titi ba, birni mai miliyoyin mutane ba zai bi ta ƙofar da aka yi don raƙumi da jaki ba. Abin da muke cewa shi ne, idan aka ajiye hoton ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi kusa da hoton ƙofar Wembley ta 1924, sa'an nan aka kawo tsohon hoton ƙofar ƙasa ta zamanin da, mai duba zai ga wa ya fi kama da wa. Abin da Bature ya yi a ƙasarsa don 'yan kallo na wata shida, shi muke yi a ƙasarmu don 'ya'yanmu na har abada. Yaron da aka haifa bayan 2010 idan aka ce masa Ƙofar Na'isa, ta simintin ce za ta faɗo masa a rai, kuma ba shi da laifi.

Wannan ya dawo da mu kan alƙalaminmu. Mukan karanta rubuce-rubucen da 'yan'uwa ke aikowa, musamman labaran da aka gina a kan zamanin da, sai mu ga birnin da ke ciki na bangon kalanda ne: ga ganuwa, ga zanko, ga dogari da jar riga, ga algaita, shi ke nan. Jarumi ya shiga ƙofar gari kamar ya shiga Titin Alƙahira, ba a tambaye shi daga ina ba, ba ya jin sanyin zaure bayan zafin rana, ba ya jin warin katsi ko ƙamshin ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana uku tana ruɓa, babu wanda damina ta rushe wa katanga, babu mai bin magini bashi. Alhali har yanzu akwai tsofaffin magina da rai a cikin birnin Kano da Zariya da Katsina da Damagaram da Agadas, waɗanda suka san sunan kowane itace da kowane ɗauri a cikin soro, akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da ƙofofinsu a buɗe, akwai guntayen badala da suka rage waɗanda mutum zai iya dafawa da hannunsa ya ga jerin tubalin da ke cikinsu. Mafi yawan waɗannan dattawa sun haura saba'in, 'ya'yansu kuma bulo suke bugawa.